Taku Arba'in da Ɗaya Daga Aduwa

"Ba wanga ba, Direba, na ƙasa. Kai da kak kwance injin tirela cikin daji, sukuru huɗu sun gagare ka?"

Maigandi na durƙushe a zauren maƙwabcinsa, sukuddireba a hannu, gumi na bin gemunsa yana ɗiga a kan wani akwatin ƙarfe da tsufa ya mayar ruwan ƙasa. Malam Gidaɗo, mai zauren, yana kishingiɗe a tabarma an tokare masa baya da matashi biyu. Ƙafafunsa sun kumbura har sun daina shiga takalmi, hannunsa ya daina riƙe ƙarfe tun watan jiya. Bakin dai yana nan yadda aka san shi.

"Injin tirela ya san girman mutum," in ji Maigandi. "Notinai da hannu biyu aka kamawa. Wanga kau awa ƙwayar gero, in ya hwaɗi sai an kira mata da rariya."

Da kyar murfin ya fita. Maigandi ya leƙa. Shekara talatin da ɗaya suna katanga ɗaya a unguwar Mabera, yana ganin kwamfutoci suna shiga zauren nan a gyara su, waɗansu su fita, waɗansu su mutu a jibge su a kusurwa, amma bai taɓa ganin hanjin ko guda ba. Ya zaci zai ga abin al'ajabi. Sai ga rabin akwatin iska ce kawai, da wayoyi, da wani koren faranti.

"Ashe bodi na babba, kaya kaɗan."

"Awa kai ke nan," in ji Gidaɗo. Ya yi tari, ya huta. "To saurara, ba ni da numfashin maimaitawa. Koren ga shi na shasi, komi bisanai aka ɗaurewa. Ƙarƙashin fankar ga akwai wani ɗan abu bai kai akwatin ashana ba. Shi na mai lissahi, shi ka aiki, shi ka zahi."

"Shi ya sa anka ɗora mai lagireto."

"To, lagireto. Kuma bai san komi ba duniya sai abu biyu: akwai wuta, babu wuta. I da a'a. Sai dai kahin ka ƙibta ido ya yi su sau miliyoyi, nan rubutu da hoto ka hitowa. Wagga 'yar doguwa da ke tsaye, tahin hannun kwamfutar na. Abin da taka aiki da shi yanzu, nan taka riƙewa. An ɗauke wuta, ta saki, ba ta tuna komi. Awa kaina kwanan ga."

Maigandi bai yi dariya ba.

"Sa hannunka can ƙasa. Wanga mai kama da gwangwanin kihi. Shi na rumbu. Ciki akwai faifai awa madubi shina juyawa, da 'yar allura tana shawagi bisa, ba ta taɓa shi. Abin da anka zuba nan shina nan, ko da wuta ko babu. Gilashin da kaka ganin rubutu, taga ta kawai, babu komi cikinai. Amma rumbu bai son hwaɗuwa. In allurar ta dunguri faifan, ta karce shi."

A jikin rumbun an manne wata takarda mai kauri da salatif, duk ta sha huji ƙanana. Maigandi ya shafa ta da babban yatsa.

"Gara ta ci takardarka."

"Gara ba ta yin huji mai kusurwa huɗu. Kati na." Fuskar Gidaɗo ta ɗan saki. "Da shi munka hwara, sadda anka kai mu kwas Kaduna ina saurayi. Inji guda ya cika ɗaki ya ninka zauren ga sau uku. Sanyi ciki awa randa, takalmi waje aka bari sai ka ce masallaci. Kati guda, layi guda. Inda ag huji i na, inda babu a'a na. Wata rana nit tuntuɓe da kwali mai kati dubu biyu, sunayen 'yan jarrabawa, kwana biyu ina durƙushe ina jera su. Bature da ya koya muna yac ce mu gode Allah, nasu na hwarko kwalabe na masu haske, dubbai, kullum sai guda ta ƙone. Yau wayar da ke aljihunka ta hi su duka ƙarhi, kai kau ba ka san komi cikinta ba sai kore da ja."

"Sun ishe ni."

"Wanga kati shi kaɗai ya rage min. Na tokare rumbun da shi don kar shi dinga rawa."

Abin da ke cikin rumbun nan kuwa, duk unguwa an san da shi, ko da yake ba kowa ya ɗauke shi da muhimmanci ba. Maƙabartar da ke bayan unguwa ba a kafa alama a cikinta. A tara ƙasa, a sa ƙaya, damina biyu ta wuce a kai, wuri ya koma daidai da ko'ina. Wata shekara masu haƙa suka sara a kan wanda bai daɗe ba, abin ya tsaya wa Gidaɗo a rai. Tun daga ranar, duk jana'izar da aka yi, in mutane sun juya, shi sai ya koma gindin wata aduwa da ke tsakiyar maƙabartar ya ƙirga taku zuwa sabon kabarin, gabas kaza, kudu kaza, ya dawo gida ya zuba a kwamfuta. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa sai masu haƙa. Mutum sama da dubu uku ke cikin gwangwanin nan.

A cikinsu akwai Iyatu, matar Maigandi.

Shekara goma sha tara ke nan. Ranar da zai tashi da lodin albasa zuwa kudu ta ce masa kanta na sarawa, ko zai bari sai gobe. Ya ce mata ciwon kai bai taɓa hana mota tashi ba. Motar ta lalace masa a daji inda waya ba ta kamawa, ya dawo ya tarar ana sadakar bakwai. Bai tambayi inda aka sa ta ba. Ranar farko kunya ta hana shi, don bai saba ganin namiji ya tsaya cikin maza yana tambayar kabarin matarsa ba. Daga baya kuma sai tsoro: kada wanda ya tambaya ya dube shi ya ce, kai kana ina? Haka shekara ta bi shekara. Yana raka gawar kowa, yana baza ido a filin, bai san inda zai tsayar da shi ba.

"Direba," in ji Gidaɗo, idonsa a rufin zaure. "Shekara goma sha tara kana shigowa nan kana kallon akwatin ga ta wutsiyar ido. Ka zaci ban gani?"

Maigandi ya shiga goge sukuddireba da bakin rigarsa.

"Tana ciki. Ni nir riƙa makararta, ni niƙ ƙirga. Na yi ta jiran ka tambaya, kai kana jiran in hwaɗi. Tsohhin banza biyu."

"To hwaɗi."

"Da kaina na iya riƙewa, mi za ni yi da akwati? Gabas da aduwa dai, wannan na sani. In an kawo wuta mu kunna ka ji da kunnenka."

Rabon layinsu da wuta kwana tara, taransifoma ta ƙone a tsakiyar bazara. Maigandi ya ce zai aro janareta wurin mai shagon aski. Gidaɗo ya ƙi, ya ce irin wannan ƙaramin ya taɓa ƙona masa kwamfuta guda, wannan tsohuwa ba za ta ɗauki wuta mai hawa da sauka ba. An ce jibi masu gyara za su zo.

"In mayar da murhin?"

"Bar shi buɗe. Gobe ka zo da famfon keke mu hure ƙurar."

Aka kira la'asar. Da can tare suke tafiya masallaci, Maigandi dogo kamar turken wuta, Gidaɗo gajere yana jan ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ya yi a babur. Kullum sai Maigandi ya yi ƙorafin an mayar da shi mai rakiyar amarya, kullum kuma sai ya rage takunsa su isa tare. Ran nan shi kaɗai ya tafi, ya isa tun ba a tayar ba, ya rasa abin da zai yi da sauran lokacin.

Goben ba a hure ƙura ba. Da hantsi numfashin Gidaɗo ya sarƙe, aka sa shi a mota sai asibiti. Maigandi ya wuni a bakin gadon. Sau ɗaya ya buɗe ido sosai, ya dubi ƙaramin injin da ke ƙirga bugun zuciyarsa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Wanga ma i da a'a na." Kwana biyu ya yi. A na uku, bayan an idar da asuba, Ɗayyabu ƙanen Gidaɗo ya tare Maigandi a ƙofar masallaci, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Bai ma gama magana ba Maigandi ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Shi ya tafi da mota aka ɗauko gawa, shi ya biya ya sanar da masu haƙa. Wajen ƙarfe tara ya dawo, ya shiga zauren ya tsaya. An share shi tas, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi bango zuwa bango don masu zaman makoki. Babu teburi, babu tarin matattun akwatunan kusurwa. Babu wanda ya bari a buɗe.

Ya ratsa zuwa ƙofar cikin gida ya yi sallama. Inno, matar mamacin, tana zaune a bakin ɗakinta cikin mata, ta ja mayafi har goshi. Ya yi mata gaisuwa ta amsa. Ya daɗe yana juya hularsa kafin ya iya tambaya.

"Inno, ki yi haƙuri da ni. Kwamfutar Malam."

"Tana ɗaki, Alhaji. Ita nif fara cewa a shigo da ita. Ya ce min amanar mutane ta." Ta ɗaga labule. A kan gado, an lulluɓe da sabon zane, ga gilashin zaune, ga allon dannawa an jingine masa a gaba. "Ko yara ban bari sun taɓa ba. Duk rubutun Malam nan ciki nika ganinai."

Maigandi ya dubi zanen, ya dubi matar. Bai iya gaya mata ba. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya fito ya ja Ɗayyabu gefe.

"Akwatunan da ke zaure fa?"

"Tarkacen? Mode mai gwangwani ya biyo da baro, munka ce ya kwashe, sadaka ta ga mamaci. Wuri muka nema."

"Har da na bisa teburi?"

"Wanda ke kwance hanji waje? Ai shi nif fara miƙa mai. Na ga an riga an kwance shi."

Maigandi ya shafa aljihu. Da hannunsa ya cire murfin nan. Sukurun huɗu ma suna aljihunsa, ya ƙulle su a leda don kada su ɓace.

Ya san inda irin su Mode ke kai kaya, wani fili a hanyar fita gari, ya kuma san abin da ake yi musu da an sauke: guduma. In ya hau kabu-kabu yanzu zai iya cin masa. Har ya kai bakin titi ya ɗaga hannu, sai ya ji an ce a bayansa, "Ina zuwa, Maigandi?"

Malam Junaidu ne, yayan mamacin, limamin unguwa, da carbi a hannu.

"Allah gafarta Malam, rajistar maƙabarta ta. An ba mai gwangwani bisa kuskure."

"An gama sutura. Yanzu za a hito da shi." Malam Junaidu ya dube shi ba tare da faɗa ba. "Waɗanda ke cikin rajistar, Wanda ya karɓe su bai ɓata lissahinsu ba. Wanga da ke kwance, sallarka shika bukata, kuma sau guda aka yin ta."

Ɗan kabu-kabu ya tsaya yana jira, injin na kaɗawa. Maigandi ya dubi titi. Sau ɗaya a rayuwarsa ya zaɓi hanya a kan mai ciwo, ga shi har yau yana biya. Ya ce wa mai babur ya tafi.

Ya tsaya a sahun farko. Ya sa kafaɗa a makara tun daga ƙofar gida, aka yi ta karɓarsa yana komawa. Gawar ba nauyi. Duk kabbara, duk taku, kunnensa na jin guduma. A maƙabarta shi ya shiga ramin ya karɓe shi, ya kwantar da shi a kan damansa, ya gyara masa ƙafar nan ta hagu. Aka jera itace, aka yi laka, aka tara ƙasa. Da aka shafa fatiha mutane suka juya gaba ɗaya, don rana ta fara cizo. Ba wanda ya nufi gindin aduwa.

Azahar ta gota kafin ya isa filin 'yan gwangwani. Tudun ƙarfe ko'ina, tsoffin firji, ƙafafun keke, rana na dukansu har ido ba ya iya tsayawa. Ya sami Mode a ƙarƙashin wata rumfar buhu, mutum mai ƙarfi da furfura a saje, yana zaune ya ware ƙafafu. Koren faranti ya tara su gefe guda, wayoyi gefe guda. A gabansa ga gwangwanin kifi biyu a fashe, faifansu a waje suna walƙiya.

"Sannu da aiki. Kayan gidan rasuwa na Mabera."

"Su na wanga, Baba. Lahiya?"

"Mi kaka nema ciki da kaka hwasa su?"

"Maganaɗisu. Da ƙarhen jikin, alminiyon na." Mode ya ɗaga guduma ya nuna. "Sauran shara ta."

"Nawa kac cire?"

"Huɗu. Ga biyu, sauran na jehwa can."

Ya jefa. Maigandi ya taka zuwa inda aka nuna, ya durƙusa a kan ƙarfe mai zafi yana tonawa da hannu. Ya sami na uku, babu komi a jikinsa. Na huɗun ya gangara ƙarƙashin wani murfin tukunya. Da ya juya shi, ga katin nan mai huji, salatif ya saki gefe guda, kusurwar ƙarfen ta ɗan lotsa.

Mode ya zo ya tsaya a kansa. "Zinari ag ciki, Baba?"

"Mutane ag ciki. Duk wanda anka rufe bayan unguwarmu shekara ashirin da wani abu."

Mode ya ajiye gudumar. Ya goge hannunsa a wando. "Ɗiyata na can. Shekara shida da rufe ta." Ya cire hularsa ya miƙa. "Sa shi nan ciki, kar shi ƙara bugu. Wallahi da na sani ban jehwa."

Mariyatu, babbar 'yar Gidaɗo, malamar makaranta ce a Birnin Kebbi. Ta iso bayan an dawo daga maƙabarta, ba ta sami ganin mahaifinta ba. Maigandi ya bar ta har ranar sadakar uku. Da safe, bayan an yi addu'a an raba waina, ya aika a kira ta soron gidansa, ya buɗe hular Mode a gabanta.

Tana ganin katin ta sa bayan hannu ta toshe bakinta. Da ta sami kanta ta ce, "Da shi ya koya mini ƙirga, Baffa. Ina ƙirga hujin."

Ya gaya mata komi, har da abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ta saurara kanta a ƙasa. Ta koma gida ta ɗauko kwamfutarta ta hannu mai batir, ta aika kasuwa aka samo mata wata waya mai baki biyu da ɗan akwatin ba da wuta, aka jona a batirin sola na maƙwabta. Ta ɗora rumbun a kan matashi ta haɗa.

Ya yi ƙugi siriri, kamar sauro. Sai ƙas. Ƙas. Ƙas.

Maigandi ya shekara arba'in yana sauraron inji, ba sai an fassara masa ba. "Allurar ta."

"Ita ce. Ya bugu." Ta matso da fuskarta. Can sai wasu 'yan layuka suka fito a gilashin. "Ya buɗe. Baffa, kowace shekara daban ya ajiye ta, ga su nan ashirin da takwas. Amma da kyar yake karantawa, ban san minti nawa zai ba mu ba. In na ce ya kwashe duka, daga ta farko zai fara, ya bi su a jere. Yana iya tsayawa ko'ina."

"Ta Iyatu ta nawa ta?"

Ta ƙirga. "Ta tara."

Daga soron ana jin muryoyin masu zaman makoki a ƙofar Gidaɗo. Kusan kowannensu yana da wani a cikin gwangwanin nan. Hular Mode na ajiye a kan tabarma. Maigandi ya dube ta, ya kawar da kai.

"Hwara da tata."

Mariyatu ta nemo ta tara. Ta danna. Wani koren layi ya fara tafiya, ya tsaya, ƙas, ƙas, ya ci gaba. Maigandi ya ga yana karanta duk addu'ar da yake yi in mota na hawan tudu da lodi. Layin ya kai ƙarshe. Ta yi maza ta kama ta shekara shida da suka wuce, ta samu. Ta kama wata, ita ma ta shigo. A ta huɗu ƙugin ya sauka a hankali, kamar fanka in an ɗauke wuta. Ta cire ta mayar sau biyar. Bai ƙara motsi ba.

Shekara uku suka tsira a cikin ashirin da takwas.

"Ta ɗiyar Mode tana ciki," in ji Mariyatu. "Na ji ka ambace ta." Ta goge idonta da gefen mayafi, ta buɗe shekarar Iyatu, ta bi da yatsa. Mahaifinta bai yarda da ado ba, kowane mutum layi guda, kamar katinsa. Ta karanta: "Iyatu, matar Maigandi direba. Talata, bayan la'asar. Daga aduwa, gabas arba'in da ɗaya, kudu shida." Ta ɗan tsaya. "Akwai ƙari a gefe. Ya rubuta: mijinta na hanya, bai sani ba."

Maigandi ya sa ta maimaita lambobin sau biyu. Ya tashi ya sa takalmi.

Babu kowa a maƙabartar sai awaki biyu a bakin katanga. Ya yi sallama ga mutanen wurin, ya wuce sabon kabarin da ƙayarsa ba ta bushe ba, ya je ya jingina bayansa da aduwa. Ya fuskanci gabas ya fara. Ɗaya, biyu, uku. Yana taka tsakanin tudun da suka rage, yana kauce wa na kaucewa. A talatin da huɗu ya ga katanga na matsowa. A talatin da tara ya tsaya, hancinsa kusan a jikin bulo. Saura biyu, kuma babu wurin sa su. Bayan katangar titi ne, ana jin masu babur.

Ya tsaya nan. Ko yarinyar ta karanta ba daidai ba. Ko bugun da rumbun ya sha ya juya lambar. Ko Gidaɗo ne ya yi kuskure ranar, ga shi babu sauran wanda za a tambaya, akwatin ya mutu, mai shi ya mutu. Ya juya ya dubi aduwar daga nesa, ya dubi sawun da ya bari a rairayi, manya-manya, kowanne da tazarar da ta kai zira'i biyu.

Ya daɗe yana kallon sawun.

Sannan ya koma gindin itacen. Ya sake jingina bayansa. Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya ɗan rusuna. Ya miƙa ƙafar dama kaɗan, ɗan taƙi, irin na hanyar masallaci. Ya jawo ta hagu a ƙasa ta biyo.

Ɗaya.

Awakin suka ɗago kai suna kallon dogon tsoho yana tafiya a gajarce, a hankali, leɓensa na motsi, ƙafarsa ta hagu na barin dogon layi a kan rairayi.